Baje kolin da ya nuna baƙar fata cikin walwala

Gidan Zeitz MOCAA da ke bakin teku a Cape Town asalinsa rumbun hatsi ne. Magini Thomas Heatherwick ɗan Ingila ya fafe dogayen rumbunan kankare 42, aka buɗe shi a matsayin gidan zane-zanen zamani na Afirka a 2017. Ginin kaɗai ya isa kallo. Amma ni abin da ya kai ni shi ne baje kolin "When We See Us", wanda marigayiya Koyo Kouoh 'yar asalin Kamaru ta jagoranta, aka fara a Nuwamba 2022.

Zane kusan 200 ne na masu fasaha sama da 150, aikin shekara ɗari, kuma duka hotunan mutane ne baƙar fata. Ba sarƙar bauta, ba yaro mai kumburin ciki da ƙuda a ido. An kasa zanen ne bisa yanayin rayuwa: harkar yau da gobe, shagali, hutu, ibada, nasara. A sashen hutu na fi daɗewa. Wata ta miƙe a kujera, wani ya kishingiɗa yana tunani, babu mai neman a tausaya masa. Mu da muka saba ganin kanmu a fastocin ƙungiyoyin agaji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na ji daɗin yadda ba a raba masu zanen ƙasa-ƙasa ba. Ben Enwonwu namu na Najeriya yana nan tare da Chéri Samba na Kwango da Jacob Lawrence na Amurka, ga kuma Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Dora Akunyili ta NAFDAC. Sai ka ga launi da tsayuwar jiki suna amsa wa juna.

Inda na ɗan ja da baya shi ne kan tunanin da aka ɗora komai a kai. Ɗaukar launin fata a matsayin abin da ya fara bayyana mutum, tarihin Amurka da Afirka ta Kudu ne ya haife shi, kuma suna da dalilinsu. A Cape Town ɗin nan aka rushe unguwar District Six aka kori mutanenta saboda wariya. A Kano ko Damagaram kuwa, garinka da gidanku da sana'arku ake fara tambaya. Sannan tunda an taƙaita kan zanen siffar mutum, fasaharmu ba ta da ƙofar shiga: zanen bangon gidajen Zariya, aikin aska takwas a babbar riga, zayyanar allo. Ba laifin masu shiryawa ba ne, iyakar da suka shata ke nan, amma Bahaushe zai ga 'yan uwansa fiye da yadda zai ga kansa.

Har yanzu wasu na gunaguni cewa sunan Bajamushe, Jochen Zeitz, tsohon shugaban Puma, ke kan gidan. Ƙorafin yana da tushe. Baje kolin ya tashi a 2023, ya wuce Basel da Brussels, amma gidan yana nan, kuma mai zuwa ya ware rabin yini, hawa tara ba wasa ba.