Yaya, ga labarin baje kolin Wagadugu da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya iyali? A gaishe min da Inna da mutanen Tudun Wada.

Ka tambaye ni ko manyan rigunan da kake yi wa aiki za su samu kasuwa a nan Burkina Faso. Za su samu, kuma ƙofarsu ita ce baje kolin sana'o'in hannu da ake kira SIAO. An fara shi a 1988, ana yin sa duk bayan shekara biyu a Wagadugu, yawanci daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kwana goma. Annobar korona ta hana na 2020, na 2022 kuma sai a farkon 2023 aka yi shi. Tushensa tun zamanin shugaban ƙasa Thomas Sankara ne, wanda ya matsa wa ma'aikatan gwamnati su riƙa sa saƙin gida, wato Faso dan fani. Daga ɗan baje kolin masu sana'ar ƙasar ya girma, yanzu yana da filinsa na dindindin, ana zuwa daga ƙasashen Afirka da dama, har da dillalan Turai masu sarin kaya.

Abin da ya fi burge ni, mai sana'a shi ne babban baƙo a wurin. Maƙerin azurfa daga Agadas yana zaune da kayansa, ga masu bogolan, wato zanen Mali da ake rinawa da laka, ga masu zubin tagulla na nan garin. Akwai rumfa guda ta sababbin ƙirƙira, ana gasa, a ba da kyauta. Ka tuna baje kolinmu na Kaduna da ke hanyar Zariya, inda janareto da robobi da kayan kamfanoni suke cinye fili, baduku kuwa sai ka yi ta nema kafin ka gan shi a lungu. Wannan yana ci min rai, musamman in na tuna masaƙun Kakuri da suka mutu muna kallo.

A kan kaya kuwa, saƙinsu ya fi namu kauri da ƙarko, ya fi atamfar China tsada, amma mutane na saye don suna alfahari da shi. Tagullarsu sai dai a sara musu. Amma aikin allura irin na Zariya, aska takwas da ake yi da hannu, ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Jimarmu ma ta fi tasu laushi. Inda suka bar mu shi ne gamawa: ɗinki a miƙe, kaya a naɗe tsaf, ga lambar wayar mai shi a jiki, kuɗi kuma a tura ta waya. Akwai cunkoso da ƙura dai, masauki ma yakan yi tsada a kwanakin.

Ka aiko min da riga biyu da huluna ta hannun direbobin Yamai, in nuna wa dillalai tun yanzu. Ka kuma fara tara kuɗin rumfa, da sefa ake biya.

Ƙaninka.