Tsohon kwale-kwale: na sassaƙe ko na katako?

Masu kafa gura, wato tarkon kamun kifi, a Kogin Galma sun dame ni da tambayar wanne za su saya. Na sassaƙe, in na maɗaci ne, yana daɗewa. Sai dai tsada, tunda manyan itatuwa sun yi wuya, ga saurin kifewa in ka sunkuya ɗago gura.

Na katako ya fi faɗi da araha, kafinta ma na iya gyara shi, amma haɗinsa kan yi yoyo. Na taɓa sayen wanda aka rufe ruɓarsa da kwalta, wuni nake ina kwarfar ruwa da ƙwarya. Ka tsokani gindinsa da wuƙa kafin ka biya.

Gwanin da ke fita shi kaɗai, na sassaƙe. Mai kaya da yaro a cikin dam, na katako.