Yadda manhajar CHIRP ta raba ni da ruɗanin sunayen sautin oba-oba

Da na samu lasisin masu sha'awar rediyo a nan Ingila, na sayi 'yar oba-oba ta hannu mai araha. Ina jin hirar mutane tar-tar a kan rifitar yankinmu, wato na'urar da ke kan tudu tana karɓar magana ta sake watsa ta nesa, amma in na danna na yi kira, ko gezau. Kwana huɗu ina zargin eriya. Sai da wani dattijo a ƙungiyarmu ya karɓi rediyon, ya latsa sau biyu ya nuna mini: na sa sautin a gurbin ji, na bar gurbin aikawa fayau. Shi ya ce in nemi CHIRP. Yau wata shida ke nan ina aiki da ita.

Sautin da ake magana shi ne CTCSS. Wani ɗan gurnani ne mai kauri da rediyo ke sakawa ƙarƙashin muryarka muddin kana danne da maɓalli, daga hatz 67.0 zuwa 254.1 a ma'aunin kaurin sauti. Ba ka cika jin sa ba, domin rediyo na tace abin da ke ƙasa da hatz 300 kafin ya kai lasifika. Yawancin rifitoci ba sa buɗe maka sai sun ji nasu. Aikin ke nan, ba wuya. Wuyar tana wajen suna. Motorola na kiran sa PL, General Electric ta ce Channel Guard, Kenwood ta ce QT, tawa rediyon kuma ta raba shi biyu, T-CTCS na aikawa da R-CTCS na ji. A Ingila har da haruffa: A ita ce 67.0, E 88.5, J 118.8. Sabon shiga sai ya ɗauka abubuwa biyar ne daban-daban, alhali abu ɗaya ne.

CHIRP kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Kana haɗa rediyo da kwamfuta ta wayar haɗi, wato kebul, ka zazzage abin da ke cikinta, sai tashoshinka su fito a jere kamar rajistar makaranta. Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne gurbi ɗaya da take tambayar yadda kake son sautin ya yi aiki. In ka zaɓi Tone, kana aika sauti, kunnenka kuma a buɗe yake ga kowa. In ka zaɓi TSQL, kana aikawa, kuma lasifikarka ba za ta yi motsi ba sai wanda ke magana ya zo da irin sautinka. DTCS lambar dijital ce maimakon gurnani, ita Motorola ke kira DPL. Cross kuwa na wanda zai aika wani abu ya saurari wani ne. Kowace irin rediyo ka jona cikin waɗanda CHIRP ke aiki da su, irin waɗannan kalmomi za ka gani, manhajar ce ke juya su zuwa yaren rediyon. A zama ɗaya na gane abin da ɗan littafin da ke cikin kwali ya kasa fahimtar da ni.

Ni a kan Tone nake barin kusan duk rifitocina. Ba kowace ce ke mayar da sauti ba, in ka sa TSQL a kan irin wannan, ana amsa maka kai kana zaune kana jin shiru. Sai a tashar da hayaniyar na'urorin gida ke buɗe mini lasifika haka kawai nake sa TSQL, kuma a nan ta yi mini rana sosai.

Inda na sha wahala wajen wayar haɗi ne. Ta farko da na saya a intanet kwamfuta ta ƙi ganin ta, ta biyu ma sai na tura filoginta da ƙarfi har ya shige tsaf. Kafin ka taɓa komai, ka adana kwafin abin da ka zazzage tun farko.

Akwai abin da ya fi damuna. Yayana yana cikin 'yan sintirin unguwarmu a gida, mai shago ya sayar musu da oba-oba ya ce ya sa musu "lambar sirri". Na kira shi na ce, "Yaya, don Allah kada ku faɗi inda za ku tsaya a cikin rediyon nan. Sautin nan, ku yake hana jin wasu, ba ya hana wasu jin ku." Duk wanda ya kama mitarsu ya kashe sauti a tasa rediyon, zai ji su daga farko har ƙarshe. Bai yarda ba sai da na sa ya cire R-CTCS a ɗaya daga cikin nasu, ya tsaya bakin masallaci yana jin abokansa ras.