Feferonin shanu iri biyu a kan fizar gida: na leda da na sanda

Yarana ne suka jefa ni cikin wannan sabgar. Tun da kawunsu ya kai su cin fiza da ƙaramar Sallah, babu zancen da ake yi a gidan sai na "jan naman nan mai kamar kwabo". Ni kuwa na daɗe ina yin fiza a gida, amma da kaza ko niƙaƙƙen nama, in watsa albasa da koren tattasai, kowa ya ci ya yi hamdala. Wannan jan naman kuwa, wato feferoni, ban taɓa kusantarsa ba. Na ji an ce dangin tsiran alade ne, sunan kaɗai ya ishe ni.

Tsoron kuma ba na banza ba ne. A Amurka, inda abin ya samo asali a hannun Italiyawan da suka yi ƙaura can, da naman alade da na shanu aka saba haɗa shi. A niƙa naman da kitse, a zuba gishiri da garin jan tattasai da barkono, a ɗura a hanji, a bar shi ya yi tsami sannan ya bushe. Wannan ɗan tsamin da ake ji a bayan harshe, ƙwayoyin halitta irin masu mayar da madara kindirmo ne ke kawo shi. Jan kuma rabi na tattasai ne, rabi na wani gishirin adana nama da ake kira naitirait. Abin dariyar shi ne a Italiya kanta kalmar peperoni tattasai take nufi. Wanda ya je Napoli ya nemi fiza da wannan sunan, tattasai za a shimfiɗa masa. Mai yankakken nama mai yaji su diavola suke ce mata, wato ta shaiɗan, Allah Ya tsare.

To, da na ji ana samun na shanu zalla, sai na shiga wani babban kanti a nan Kaduna na tsaya gaban firiza kamar mai karatun jarrabawa. Iri biyu na tarar. Ɗaya yankakke ne a leda, an jera shi falle-falle. Ɗayan sanda ne guda, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, kai za ka yanka abinka. Dukansu an rubuta halal, kuma na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Amma ga inda nake so 'yan'uwa su buɗe ido: rubutun "naman shanu" a gaban leda bai gama magana ba. Akwai fatar da aka ɗura naman a ciki. Wata hanjin tunkiya ce, wata da fatar shanu ake sarrafa ta, wata kuwa hanjin alade ce ko da naman ciki na saniya ne. Sai da na juya bayan sandan na karanta ƙananan rubutun nan da ke sa ido ruwa, na ga na shanu ce, sannan hankalina ya kwanta. Wata leda kuma na ajiye ta saboda ƙanƙara ta dunƙule a cikinta da launin ja-ja, alamar ta taɓa narkewa aka sake daskarar da ita. Da yadda ake ɗauke mana wuta, wannan ba abin mamaki ba ne.

Kuɗi dai babu sauƙi. Abin da na biya na biyun zai sayo mini naman miyar kwanaki. Maigidan da ya ga rasit cewa ya yi, "Wannan naman da jirgi ya zo ne?"

Na fara da na leda saboda lalaci. Sirara ne ƙwarai, in ka ɗaga ɗaya kana hango hasken taga ta cikinsa. Na ɗanɗana shi ɗanye, don feferoni na gaskiya an riga an gama shi, ba ya buƙatar dahuwa. Gishiri ne ya fara yi mini sallama, sai ɗan ƙamshin hayaƙi, tsamin kuwa ko alama. Laushinsa ma ya fi kama da sosejin da ake yanka wa yara a indomi. Ina zargin dafa shi kawai aka yi aka rina, ba a bar shi ya tsumu ba. A kan fiza ya kwanta shame-shame yadda na ajiye shi, gefensa ya ɗan bushe, ya bar jan shati a kan cuku. Yara sun cinye tas, amma su ko takarda aka rina ja aka ɗora a kan mozarela, cukun da ake sa wa fiza, ba za su bari ba.

Sandan ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhin. Tun daga buɗe ledar ƙamshin ya bambanta: tafarnuwa, yaji, da wannan tsami-tsamin. Yana da tauri, in ka matsa da yatsa ba ya lotsawa. Da farko na sha wahalar yanka shi, wuƙa tana zamewa saboda maiƙo, wani ya fito da kauri wani kamar ganye. Sai na saka shi a firiza na minti 15, ya ɗan ƙanƙare, wuƙa ta dinga ratsa shi sumul. Kaurin da ya yi mini daidai shi ne milimita 2 zuwa 3, ban kuma ɓare fatar ba.

Na tsuguna gaban gilashin oben ina kallo. Wajen minti na huɗu sai gefen kowane yanki ya fara ɗagowa, a hankali ya lanƙwashe sama ya zama ɗan ƙoƙo, jan mai ya taru a tsakiya yana tafasa, bakin ƙoƙon ya yi duhu ya soyu ƙayau. Dalilin ba wani sihiri ba ne. Fatar tana tsukewa da zafi fiye da naman, sannan saman yankin ya fi ƙasansa shan wuta tunda ƙasan yana kwance kan cuku mai sanyi, shi ya sa yake naɗowa sama. In yankin ya cika sirantaka, zafi zai ratsa shi lokaci guda, ya tsaya a shimfiɗe. In ya cika kauri kuma ba zai lanƙwasu ba. Na gwada duka biyun da gangan a kan fiza ɗaya, haka kuwa aka yi. Wannan bakin da ya soyu, shi ne daɗin abin gaba ɗaya. Yana ƙaras a haƙori, sannan man ya biyo baya da yaji.

Kurakurai biyu na yi kafin in kai nan. Na farko, wata ƙawata ta ce in fara soya shi a kasko don ya rage maiƙo. Na bi shawararta, ya shiga oben a soye ya fito kamar ɓawon itace, har da ɗaci. Na biyu, na taɓa shimfiɗa shi a ƙarƙashin cuku, sai ya turaru maimakon ya gasu, ya yi laɓo-laɓo, man kuma ya jiƙe kwaɓin. A sama ake ɗora shi, ɗanye, shi ne na ƙarshe. Wanda maiƙo ke damunsa ya jira fiza ta fito ya dangwala tishu a kai. Ni dai ba na yi.

Maganar wuta kuwa, dole a yi haƙuri da abin da ake da shi. Tandar itace ta masu fiza a Napoli tana wuce digiri 400, minti ɗaya da rabi an gama. Oben ɗina na gas iyakarsa 250. Dabarar da nake yi ita ce in kifa farantin gashi a ciki, in ƙure wuta na rabin awa kafin fiza ta shiga, in zamo ta a kan bayan farantin mai zafi. Minti 8 zuwa 10 take yi, sai in kunna wutar sama na minti guda don feferonin ya ƙarasa naɗewa. A wannan mintin kada a je ɗaga waya. Gas yana tafiya, ban musa ba, shi ya sa nake yin uku ko huɗu a jere in an kunna.

Gishiri ma sai an kula. Feferoni da mozarela kowanne da nasa, don haka miyar tumatir ɗin ban sa mata dunƙule ko ɗaya ba, tafarnuwa ce kawai da ɗan man zaitun da gishiri kaɗan. Ranar da na manta na yi ta kamar miyar shinkafa, kwana muka yi muna shan ruwa.

Ranar Juma'ar da na yi ta uku, surukata ta zo. Ta dubi faranti ta dube ni.

"Ke 'yar nan, wannan jan abin fa? Ba irin na Turawan nan ba ne?"

"Na shanu ne, Hajiya. Har fatar na duba."

Ban tsaya nan ba, na ɗauko ledar na miƙa wa jikanta ya karanta mata. Ta gutsuri gefe, ta tauna a hankali, ta ce, "To ai kilishi ne da bai ji rana ba." Ta cinye yanka biyu, amma ta tsince na saman ta tara a gefe ta ci su daban.

Maganarta ta sa washegari na gwada kilishin da kansa. Bai yi ba. Kilishi ba shi da kitsen da zai kare shi, ga ƙuli-ƙulin da ke jikinsa yana saurin ƙonewa, minti biyar ya yi baƙi. In an marmasa shi a kai bayan fiza ta fito, wannan kam da daɗi, sai dai wani abinci ne daban.

Inda sandan ya gaza shi ne yaji. Ga harshen da ya saba da attaruhu, abin da suke kira mai zafi wasan yara ne, sai na barbaɗa dakakken barkono a kan nawa. Kuma da zarar an yanka shi, bakin yana bushewa a firij, ga ƙamshinsa yana kama duk abin da ke kusa, har zoɓona ya ɗauka. Yanzu yanka shi nake yi duka rana ɗaya, in raba a ƙananan ledoji daidai fiza guda-guda, in jefa a firiza.

Na leda ba zan sake saya ba, sai dai in biki ne na yara da yawa kuma babu lokacin yanka. Sandan kuwa na riga na sayo na biyu. Fiza biyar na farkon ya yi mini, da ya yi shida ba don autana ya gano inda nake ɓoye ledojin ba.