Bitar sabis ɗin da ke kai hotunan abokan ciniki daga hira zuwa imel ɗin ƙorafi

Shagonmu na kayan sola ne, wato fanel da batir da inbata, kuma yawancin ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa mana ba sa warwaruwa sai an ga hoto. Wanda ya rubuto cewa inbatarsa tana ƙara ko tana ɗauke wuta bai ba mai gyara abin kamawa ba, amma idan ya ɗauki hoton fuskar na'urar da lambar kuskuren da ta nuna, ya haɗa da hoton takardar da ke manne a gefenta, to rabin aikin ya ƙare tun mai gyara bai tashi daga kujera ba. Wannan ne ya sa muka ɗauki wani ƙaramin kamfani, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya haɗa mana manhajar hira mai amsa wa mutane da kanta a WhatsApp da Telegram, wadda idan ta gama tattara bayani sai ta buɗe tikitin ƙorafi, ta aika da shi ta imel zuwa ga masu gyaranmu.

Ɓangaren rubutu ba shi da abin kushewa. Manhajar tana tambayar suna da unguwa da irin na'urar, tana jera amsoshin a imel yadda ido zai kama su nan take. Hotuna ne suka nuna mana inda aikin ya gaza.

A makon farko wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi ta turo hotuna biyu da daddare, bayan firijinta ya tsaya. Da safe mai gyaranmu ya buɗe imel ɗin, ya tarar da bayaninta cikakke, amma a gurbin hoto sai wani dogon adireshin intanet, wanda ya danna sau uku yana ba shi saƙon kuskure. Dole ya kira ta ya ce, "Hajiya, don Allah a yi haƙuri a sake turo mana hotunan nan," alhali ita tana ganin alamar da ke nuna sun isa tun jiya, ƙanƙararta kuwa tana narkewa. Da muka bincika sai muka gane cewa WhatsApp ba ya miƙa wa manhajar kasuwanci hoton kansa. Lambar shaidar hoton yake ba ta, ita kuma ta nemi adireshinsa da wannan lamba, adireshin da ke mutuwa bayan minti 5, kuma ko a cikin mintunan biyar ɗin ba ya buɗewa sai da mabuɗin sirrin asusun. Masu sabis ɗin sun ɗauki adireshin ne kawai suka cusa a imel, wanda hakan ke nufin ba a taɓa gwada aikin da idon mai gyara ba kafin a miƙa mana.

A Telegram kuwa hotunan suna buɗewa lafiya, kuma daga baya muka fahimci cewa nan ne haɗarin ya fi girma. Adireshin da Telegram ke bayarwa don sauke fayil yana aiki na aƙalla awa ɗaya, sai dai mabuɗin sirrin manhajar hirar yana cikin adireshin a rubuce, saboda haka duk wanda imel ɗin ya faɗa hannunsa zai iya aika saƙo da sunan shagonmu. Masu gyara kuma sukan tura irin wannan imel ga junansu, wani lokaci har ga dillalin da muka sayo kayan a wurinsa. Ranar da muka gano haka muka sa aka soke mabuɗin aka fitar da sabo.

A nan ya kamata in yi wa masu sabis ɗin adalci, domin ba su yi gardama ba, ba su kuma ɗora laifin a kan WhatsApp ba. Sun sauya tsarin ta yadda da zarar hoto ya shigo manhajar za ta sauke shi zuwa rumbun ajiyarsu, sannan ta maƙala shi a jikin imel a matsayin fayil na gaske, da suna mai ɗauke da lambar tikitin. Tun daga lokacin mai gyara yana buɗe imel ya ga hoton ko bayan mako guda ne. A ganina wannan shi ne ma'aunin irin wannan sabis, kuma ita ce tambayar farko da mai saye ya kamata ya yi: hoton ne ke zuwa ko adireshinsa?

Batun girma ya biyo baya. Gmail ba ya barin a aika maƙalallun fayiloli da suka wuce megabait 25, kuma imel yana juya hoto zuwa haruffa ta tsarin Base64 kafin ya ɗauke shi, abin da ke ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa. Hoton da aka turo ta hanyar da aka saba ba ya kawo matsala, tunda WhatsApp yana matse shi kuma iyakarsa a asusun kasuwanci megabait 5 ce, amma wanda ya turo shi a matsayin takarda, wato ta zaɓin "Document" na WhatsApp, yana turo asalin fayil ne da dukkan nauyinsa. Idan daga iPhone ne, sau da yawa yakan zo a tsarin HEIC, wanda tsofaffin kwamfutocin ofishinmu ba sa buɗewa. Yanzu sabis ɗin yana rage girman irin waɗannan hotuna yana mayar da su JPEG, ba tare da rubutun da ke cikin hoton ya dushe ba.

Abin da har yanzu bai gamsar da ni ba shi ne hotunan da ke zuwa a makare. Kowane hoto saƙo ne mai zaman kansa, kuma abokan cinikinmu sukan turo ɗaya, su fita su hau rufi su ɗauko na fanel, su dawo bayan an riga an aika da tikitin. Maganin da masu sabis ɗin suka yi shi ne manhajar ta tambaya ko akwai sauran hoto kafin ta rufe hira, sannan duk wanda ya zo daga baya ya shiga ƙarƙashin imel ɗin farko a matsayin amsa. Yawanci hakan yana aiki, amma idan mutum yana da ƙorafi biyu a buɗe, hoton yakan bi na ƙarshe ko da na farkon ake nufi.

Akwai kuma batun amana, domin cikin hotunan har da rasit da shaidar tura kuɗi mai nuna lambar asusun banki, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tattara irin waɗannan bayanai alhakin tsare su. Sai da muka matsa kafin aka rubuta a yarjejeniya tsawon lokacin da hotuna za su zauna a rumbunsu da kuma waɗanda ke da ikon ganinsu.

Mun sabunta kwantiragin, bisa sharaɗin su ƙara saƙonnin murya. Yawancin abokan cinikinmu sun fi son su yi bayani da baki da Hausa, kuma zuwa yanzu abin da ke isa ga mai gyara layi ɗaya ne kawai da ke cewa an turo saƙon murya, sai ya koma wayar shago ya lalubo shi ya saurara.