'Yar sifika mai caji da na shiga aji da ita

Shekara tara ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ranar da ta fi ba ni wahala ita ce ranar fara sabon littafi. Ka ce a buɗe shafin farko, rabin aji sun kifa kai a tebur. Shi ya sa zangon da ya wuce na je Farm Centre a Kano na sayo 'yar sifika mai caji, irin wadda ake cewa MP, ba ta fi kwalbar lemo tsawo ba. Tana karɓar memori, tana kuma haɗuwa da waya ta Bluetooth.

Littafin da na gwada ta da shi The Life Changer ne na Khadija Abubakar Jalli, wanda JAMB ta fara sa wa ɗalibai a 2021. Ban taɓa babin farko ba. Na sa tsofaffin ɗalibaina biyu suka karanta wurin da Salma ke layin rajista a jami'a, tana zagin malamai a gaban wani saurayi da ba ta san ko wane ne ba, na naɗa a waya. A aji na kunna, ana gab da gane mutumin na kashe.

Aji ya ɗauki hayaniya. "Malam, don Allah ƙarasa mana!" Na ce kowa ya faɗi hasashensa, da Hausa ma na yarda, sannan ya rubuta shi da Turanci jimla uku. Yaran nan sun taso suna jin ana karanta littattafan Hausa a rediyo, kunnensu ya saba bin labari tun kafin idonsu ya saba.

Ita sifikar, muryar mutum tana fita tas, caji ɗaya kuma ya kai ni darasi huɗu. Aibinta ƙarfi. Ajina ya haura mutum 70, 'yan baya sai da suka taso, in kuma ka ƙure sauti sai ta fara karkarwa. Kullum aka kunna ta sai wata murya ta yi sanarwa da ƙarfi, yara su fashe da dariya, don haka a ofis nake kunna ta in shigo.

Malamin da ajinsa bai wuce 40 ba, ta ishe shi. Ni dai badi babbarta zan nema, mai makirufo.