Juya jaririn da ya zauna a ciki: hidimar da ta cancanci a nema

Cikin jarirai 100, kusan 3 zuwa 4 ne ke kaiwa ƙarshen ciki a zaune, ɗuwawu a ƙasa. Kafin a yanke shawarar tiyata, akwai hidimar juya jariri ta waje, wadda likitoci ke kira ECV, kuma a ganinmu ta cancanci a gwada ta.

Ana yin ta daga mako 36 ga mai cikin fari, mako 37 ga wadda ta taɓa haihuwa. Za a yi hoton ciki, a auna bugun zuciyar jariri, a yi allurar sassauta mahaifa, sannan likita ya dafa cikin da hannu biyu ya mirgina shi a hankali. Akwai ciwo, ba ma ɓoyewa. Kusan rabi ake dacewa, kuma kusan mace 1 cikin 200 kan buƙaci tiyatar gaggawa, don haka kada a yarda a yi ta inda babu ɗakin tiyata. Mai rukunin jini Rh nagatib tana buƙatar allurar anti-D, wadda ke hana jikinta yaƙar jinin jariri. Ba a yi idan faya ta fashe, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko an ga jini kwanan nan.

Idan ya ƙi juyawa, tiyata ta fi aminci ga jaririn, amma tabonta na iya shafar ciki na gaba. Haihuwarsa a zaune ba tare da tiyata ba sai a hannun ƙwararren da ya saba, kuma sai idan ba ƙafa ce a gaba ba, domin cibiya na iya rigan jariri fitowa, ko kansa ya maƙale.